Darasi Na Sha Huɗu: Gano Ciwon Birki da Gyaransa a Tsohuwar Mota

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya:

1. bayyana yadda birkin mota yake aiki;
2. faɗin alamomin lalacewar birki da abin da kowace alama take nufi;
3. gina jumlar sharaɗi da kalmar "idan";
4. amfani da amsa-kama wajen siffanta sauti da yanayi.

Kafin Karatu

Ku tattauna da abokan zamanku: wane ɓangare na mota ne kuke ganin ya fi muhimmanci ga ran fasinja? Me ya sa? Kun taɓa jin karin maganar da ke cewa "ruwa ba ya tsami banza"? Me kuka fahimta da ita?

Karatu

Idan kuka bar Jimeta, kuka haye gadar kogin Binuwai kuka nufi arewa, ba za ku yi nisa ba za ku iso Vinikilang, a ƙaramar hukumar Girei ta jihar Adamawa. Hanyar da ta ratsa nan ita ce take wucewa ta Jami'ar Modibbo Adama da garin Girei, ta bi ta Song da Gombi da Hong, har ta dangana da Mubi. Hanya ce da ba ta rabuwa da motoci: manyan motocin kaya, da motocin haya, da Keke Napep, ga kuma masu tafiya a ƙasa suna tsallakawa. Direban da ya sauko daga gada ya shigo cikin wannan cunkoso ba abin da yake dogara da shi, bayan Allah, kamar birkinsa.

A cikin motocin da suka daɗe suna bin irin wannan hanya akwai Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, aka ci gaba da haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000. Daga cikin ire-irenta akwai salun, da doguwa mai ɗaukar fasinjoji da yawa, da kuma a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Yau ta yi ƙaranci, amma jifa-jifa akan ci karo da ita ɗauke da buhunan hatsi ko 'yan kasuwa. Masu ita sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ko mafi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta doshi shekara ashirin, kuma a tsawon wannan lokaci roba takan tsufa, ƙarfe yakan yi tsatsa. Ga shi ba ta da kwamfutar da za ta faɗa wa makaniki inda ciwo yake. Saboda haka mai gyaranta da ƙafarsa da kunnensa da hancinsa da idonsa yake bincike.

*Yadda birki yake aiki*

Kafin ku gane ciwo, sai kun san lafiya. Idan direba ya taka fedar birki, fedar tana tura wani sanda zuwa cikin tukunyar birki, wadda makanikai suke kira masta. Masta tana tura man birki ta cikin siraran bututun ƙarfe da tiyo na roba zuwa tayoyi huɗu. Tsakanin feda da masta akwai wani baƙin tulu na ƙarfe, wato mataimakin birki, wanda yake amfani da zuƙar iskar injin don ya ƙara wa ƙafar direba ƙarfi.

A tayoyin gaba akwai faifan ƙarfe da yake juyawa tare da taya. Idan mai ya iso, sai wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙeri, wanda ake kira kalifa, ya matse faifan tsakanin takalman birki biyu. A tayoyin baya na doguwar Fijo da a-kori-kura kuwa ganga ce ta ƙarfe. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa, da ƙaramar silinda da take buɗa su har su goga jikin gangar daga ciki. Wannan gogayya ita take mayar da gudun mota zafi, motar ta tsaya.

Me ya sa ake amfani da mai? Wani masanin lissafi ɗan Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana cewa idan aka danna abu mai ruwa-ruwa a cikin rufaffen wuri, ƙarfin dannawar yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, kamar yadda kuke matsa balan-balan da hannu. Ku riƙe wannan bambanci, domin da shi za ku fahimci yawancin abin da zai biyo baya.

*Abin da ƙafa take ji*

Birki ba kasafai yake shanyewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Gargaɗin farko a tafin ƙafa ake jin sa. Feda mai lafiya takan sauka kaɗan, sannan ta tsaya ƙam. Idan ta yi laushi tuɓus kamar soso, kuma sai an taka sau biyu ko uku take yin ƙarfi, to, mai yiwuwa iska ta shiga bututu. Ƙarfin ƙafar direba yana ƙarewa ne wajen matsa iskar, bai kai ga taya ba. Idan kuma aka danne feda aka riƙe, sai ta riƙa sulalewa a hankali har ƙasa, alhali ba a ga yoyo a ko'ina ba, sai a zargi robobin cikin masta.

Akwai kuma akasin haka, wato feda ta yi tauri kamar dutse, mota ta ƙi tsayawa sai da kyar. A nan mataimakin birki ake fara tuhuma, kuma gwajinsa ba shi da wuya. A kashe injin, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, a danne ta, sannan a tayar da injin. Idan mataimakin yana da lafiya, feda za ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafa. Idan ba ta motsa ba, sai a duba tiyon da ya haɗa shi da injin, domin sau da yawa tsagewa ya yi.

*Abin da kunne da hanci da hannu suke ji*

Idan taya tana ƙara ƙiii duk lokacin da aka taka birki, takalma ne suke neman ƙarewa, ko ƙura ta taru a kansu. Idan ƙarar ta koma gurnani, ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa, to, naman takalmin ya cinye, ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Duk kilomitar da aka ƙara a wannan hali faifai ake sassaƙewa, kuma faifai ya fi takalmi tsada nesa ba kusa ba.

Idan mota tana fizgar sitiyari zuwa gefe ɗaya yayin tsayawa, a fara da abu mafi sauƙi: a auna iskar tayoyi. Idan iska daidai take, sai a tuna cewa mota tana karkata ne zuwa gefen da birki ya fi kamawa. Ke nan idan ta ja hagu, sau da yawa laifin yana dama, inda kalifa ta cije saboda tsatsa, ko mai ya jiƙa takalmi ya sa shi santsi. Idan feda tana rawa kar-kar a ƙarƙashin ƙafa, faifai ne ya karkace ko ganga ta daina zama da'ira sosai. Idan kuma aka ji ƙauri bayan 'yar gajeruwar tafiya, aka kusantar da hannu aka ji taya ɗaya ta fi sauran zafi, to, birkin wannan taya ba ya saki. Tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, haka kuma wayar birkin hannu takan yi tsatsa ta maƙale.

*Zafi da ruwa*

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa birki wahala ta fuska biyu. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, a damina kuma iska takan cika da danshi. Man birki yana da wata ɗabi'a: yana shan danshi daga iska sannu a hankali. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 ko fiye, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara har ƙasa, kamar a ƙasar duwatsu ta wajen Song da Hong, zafin gogayya yana iya tafasa tsohon mai. Tururi kuwa matsuwa yake yi kamar iska, sai feda ta tafi ƙasa ba tare da ta kama ba. Maganin wannan abu biyu ne: a sauka gangara da ƙaramar giya don injin ya riƙe mota, kuma a sauya man birki gaba ɗaya duk shekara biyu.

Ta fuskar ruwa kuma, mazauna bakin Binuwai sun san ambaliya, irin wadda aka yi a 2012 da 2022. Ko ba a yi ambaliya ba, ruwan sama yakan kwanta a kan hanya. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi gangunanta sukan jiƙe, birki ya yi rauni na ɗan lokaci. Direba mai hankali yakan ci gaba da tafiya a hankali yana ɗan taɓa birki, har zafi ya busar da takalman.

*Tsarin gyara*

Makaniki na ƙwarai ba ya fara kwance noti sai ya yi tambaya, ya gwada, ya duba. Daga sauƙi yake farawa zuwa wuya. Da farko yana buɗe bonet ya duba yawan mai da launinsa: sabon mai garau yake, tsoho kuwa baƙi-baƙi. Raguwa kaɗan tana iya zuwa daga cinyewar takalma, amma raguwa mai yawa yoyo ce. Daga nan sai ya bi bututu da ido, ya leƙa bayan kowace taya yana neman danshi. Sai bayan haka yake ɗaga mota.

Ga ƙa'idojin da ba a karya su. A tare tayoyin da suke ƙasa da dutse ko katako. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, sai an sa mata matokari mai ƙarfi. Idan naman takalmi ya ragu zuwa milimita 3, lokacin sauyi ya yi, kuma hagu da dama ake sauyawa tare, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya kamawa. Kada a hura ƙurar ganga da baki, domin tsofaffin takalma sukan ƙunshi wani ma'adini mai suna asbestos, wanda yake cutar da huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a zuba baƙin mai ko man giya a cikin masta, domin suna kumbura robobi su lalata su. Game da kayan gyara na jabu kuwa, Hausawa sun riga sun yi magana: araha ba ta ado.

Duk lokacin da aka kwance bututu, iska ta shiga, dole a fitar da ita kafin mota ta hau hanya. Wannan aiki na mutum biyu ne, kamar yadda za ku gani a hirar da ke tafe.

Hira: A Gareji

Direba: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Oga.

Makaniki: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Malam. Me yake damun ta?

Direba: Birki ne. Tun jiya sai na taka sau uku yake kamawa. A ƙara mini mai kawai, fasinjojin Mubi suna jira na a tasha.

Makaniki: Haba Malam, ai ruwa ba ya tsami banza. Man da ka zuba shekaranjiya ina ya tafi? Kai yaro, leƙa bayan tayoyin nan.

Yaro: Oga, ga danshi a tayar baya ta dama. Har ya jiƙa gangar.

Makaniki: Ka ji ko? Robar silinda ce ta mutu. Idan na ƙara maka mai na sallame ka, kafin ka kai Song ya tsiyaye.

Direba: Subhanallahi! To, a yi abin da ya dace. Gara in rasa lodin yau.

(Bayan an sauya silinda da takalma.)

Makaniki: Yaro, shiga ka zauna. Daga tayar da ta fi nisa da masta za mu fara. Taka! Ƙara! Ƙara! To, danne, kada ka saki.

Yaro: Na danne, Oga.

Makaniki: Na buɗe noti. Ga kumfa nan tana fita ɓul-ɓul. Feda ta tafi ƙasa?

Yaro: Ta tafi.

Makaniki: Riƙe ta nan sai na ɗaure. Idan ka saki kafin in ɗaure, iska za ta koma. To, saki. Mu sake, har sai mai ya fito ba kumfa. Malam, taimaka ka duba mana masta, kada mai ya ƙare a ciki.

Direba: Yana nan rabi. Allah ya saka da alheri, Oga.

Makaniki: Amin. Idan mun gama tayoyin huɗu, sai mu gwada ta a hankali a bayan gareji kafin ka ɗauki ran kowa.

Ku lura da maganar makaniki ta ƙarshe. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki yake bukata kafin ya tsayar da mota takan ninka sau huɗu. Shi ya sa jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suke yawan jan kunnen direbobi su duba mota kafin su kama hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'anar Kalmomi

feda: abin da direba yake takawa da ƙafa
yoyo: fitar ruwa ko mai kaɗan-kaɗan ta wata kafa
tsatsa: jan datti da yake cin ƙarfe idan ya sha danshi
awartaki: abin da maƙeri yake kama ƙarfe mai zafi da shi
gogayya: haɗuwar abu biyu suna shafar juna da ƙarfi
ƙauri: warin abin da yake ƙonewa
gangara: hanyar da take sauka daga tudu
matokari: abin da ake tokare kaya da shi don kada ya faɗi
jabu: abin da aka kwaikwaya, ba na asali ba
shanyewar birki: ƙin kamawar birki gaba ɗaya

Nahawu

*1. Jumlar sharaɗi.* Jumlar sharaɗi tana da sassa biyu: sharaɗi da sakamako. Sharaɗi yana farawa da "idan" ko gajeren siffarsa "in". Sakamako yakan fara da "sai" ko "to".

Idan feda ta yi tauri, sai a duba tiyo.
In mai ya ragu sosai, to, akwai yoyo.

Ku lura cewa aikatau da yake bin "idan" yakan zo da siffar shuɗaɗɗen lokaci (ta yi, ya ragu), ko da abin bai riga ya faru ba. Wajen korewa kuma ana cewa: Idan feda ba ta motsa ba, sai a duba tiyo.

*2. Mahaɗin -n da -r.* Ana liƙa -n ga suna namiji ko jam'i, ana liƙa -r ga suna tamace mai ƙarewa da "a": takalmin birki, takalman birki, tukunyar birki, tayar baya. Kalmar "mai" takan zama "man": man birki, man giya.

*3. Amsa-kama.* Kalmomi ne da suke ƙarfafa ma'ana ta hanyar kwaikwayon sauti ko yanayi: ta tsaya ƙam, ta yi laushi tuɓus, kumfa tana fita ɓul-ɓul.

Tambayoyin Fahimta

1. Waɗanne garuruwa hanyar da ta ratsa Vinikilang take bi kafin ta kai Mubi?
2. A wace shekara aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna?
3. Mene ne bambancin mai da iska a cikin bututun birki?
4. Idan mota ta ja hagu yayin tsayawa, a wane gefe ake yawan samun laifin? Me ya sa?
5. Me ya sa makaniki ya ƙi ƙara wa direba mai ya sallame shi?
6. Ku bayyana yadda karin maganar "ruwa ba ya tsami banza" ta dace da aikin makaniki.

Aikin Aji

A. Ku ƙarasa waɗannan jumloli:

1. Idan taya ɗaya ta fi sauran zafi, ...
2. In mota ta ratsa ruwa mai zurfi, ...
3. Idan ba a fitar da iska ba, ...

B. Ku sa -n ko -r inda ya dace: gada_ Binuwai, faifa_ birki, waya_ birki, tayoyi_ gaba.

C. Ku zaɓi amsa-kamar da ta dace daga cikin cak, garau, tuɓus, fal:

1. Mota ta tsaya ...
2. Tukunya ta cika ...
3. Sabon mai yana nan ...
4. Feda ta yi laushi ...

D. Ku kasu uku-uku, ku kwaikwayi hirar gareji a gaban aji.

Aikin Gida

Da izinin iyayenku, ku ziyarci garejin da yake kusa da ku. Ku gaida makaniki da ladabi, ku tambaye shi sunayen sassan birki guda biyar kamar yadda ake kiransu a wurin aikinsa, da alamar lalacewar kowanne. Ku rubuta abin da kuka ji a cikin jumlolin sharaɗi guda biyar, ku kawo aji mako mai zuwa.